Kai Amarya Daga Nesa a Jos: Daga Jirgin Ƙasa Zuwa Bizar Aure

A wurin Hausawa ɗaurin aure shi ne ke halatta zaman miji da mata, amma jama'a ba sa ɗaukar biki ya cika sai an kai amarya ɗakinta, kuma wannan kaiwar tana da mutanenta da ƙa'idojinta. Bayan an sa ta a lalle an yi mata wanka, ana kai ta gaban mahaifinta ko waliyyinta, wato namijin da shari'a ta ɗora wa alhakin aurar da ita, ya yi mata nasiha a kan haƙuri da biyayya, sannan gwaggonni da innoni da ƙawaye su lulluɓe ta su tafi da ita, su danƙa ta a hannun iyayen ango da kalmar cewa ga amana nan sun kawo. A tsofaffin birane irin Kano da Katsina da Zariya tafiyar ba ta cika wuce daga wannan unguwa zuwa waccan ba, saboda haka idan wani abu ya taso a gidan miji, kafin gari ya waye labari ya isa gidan iyaye. Jos kuwa tun kafuwarta a matsayin birni ta saɓa wa wannan tsari, domin mafi yawan waɗanda suka cika ta daga nesa suka zo, kuma daga nesa suka riƙa ɗauko matansu.

Kuza ce ta tara mutane a wurin. Tun kafin zuwan Turawa ana wanke ta ana narkar da ita a wannan yanki, kuma Birom da Anaguta da Afizere suna zaune a ƙasarsu suna noma, amma daga 1903 zuwa 1904, lokacin da Kanar Laws ya hau tudun Filato da sunan kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta, haƙar ta koma hannun kamfanonin Ingila, waɗanda bukatarsu ta leburori ta fi ƙarfin abin da ƙauyukan kewaye za su bayar. Sai maza suka riƙa kwararowa daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno da ƙasar Nijar, wasu su yi cin rani su koma da faɗuwar damina, wasu su zauna a bariki, wato rukunin bukkokin da kamfani ke ginawa kusa da ramin haƙa. Bariki wuri ne na gwauraye, kuma sunan da ya yi a bakin mutanen karkara ba mai daɗi ba ne, shi ya sa magidanci a ƙasar Kano ko Katsina yakan daɗe yana nazari kafin ya yarda a kai 'yarsa can. Wanda ya tara abin sadaki ya kama ɗaki a Gangare ko Dilimi, sai ya aika gida a nema masa aure, a ɗaura da wakilinsa ko da shi ba ya nan, domin fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ya yarda da wakilci a ɗaurin aure.

Abin da ya sauƙaƙa kawo waɗannan amare shi ne ƙaramin layin dogo da aka shimfiɗa daga Zariya, wanda ya kai Bukur a 1914, aka kuma rufe shi a 1957, bayan babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso Jos tun 1927. Domin kuza aka gina shi, amma a cikin taragunsa aka riƙa loda gara da kayan ɗaki, tasoshi da tabarmi da buhunan gero, tare da amarya da 'yan rakiya biyu ko uku, tunda kuɗin jirgi bai bari dangi su taho gaba ɗaya ba. Daga nan ne wata al'ada ta yi ƙarfi a Jos fiye da yadda take a garuruwan asali: tsofaffin da suka kawo amarya ba sa juyawa sai sun nemo wani dattijo ɗan garinsu, sau da yawa mai masaukin baƙi ko malamin unguwa, sun ce masa ga 'yarsa nan, matarsa kuma ta zama uwar ɗakin amarya. Gidansu ne za ta yi yaji idan an ɓata mata, can ne miji zai je biko, kuma su ne za su tsaya a madadin iyaye ranar suna. Wannan dabara ta talakawa ta cancanci a yaba mata, domin ita ta hana nisan gida ya zama maraici ga matan da aka kawo.

Turawa ma sun kawo nasu amaren ta wannan hanya. A farkon mulkin mallaka gwamnati ba ta son ƙananan ma'aikatanta su zo da mata, sai bayan yaƙin duniya na farko aka fara sassautawa, kuma sanyin Jos ya sa ta zama wurin da matar Bature za ta iya zama ba tare da fargabar zazzaɓi mai yawa ba. Budurwar injiniyan kuza ko ta ɗan mishan takan hau jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster daga Liverpool, ta yi kamar mako biyu a teku kafin ta sauka Legas, sannan ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa, a ɗaura auren a coci ko a gaban jami'in gwamnati bisa Dokar Aure ta 1914. Wannan doka, wadda ta tanadi auren rajista na mace ɗaya, tana nan da ranta har yau da 'yan gyare-gyare, kuma takardarta ce ofisoshin jakadanci suka fi saurin ganewa.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, amma sai bayan kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, da kuma fara jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda, talakan arewa ya saba da shi. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ɗalibai suka tafi karatu Ingila da Amurka da Tarayyar Sobiyat, wasunsu suka dawo da mata daga can, kuma Jos, da jami'arta wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, ta samu rabonta na waɗannan iyalai. Matan ƙasashen waje da ke auren 'yan Nijeriya sun kafa ƙungiyarsu mai suna Nigerwives a Legas a 1979, kuma babban abin da suka yi ta fafutika a kai shi ne izinin zama da na aiki wanda ba sai an yi ta sabuntawa kamar na baƙon da ya zo kwangila ba. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wa duk macen da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, gatan da bai ba wa namijin da ya auri 'yar Nijeriya ba, kuma wannan bambanci abu ne da ke da wuyar karewa da hujja.

Ƙasar Sin ta shigo wannan tarihi a makare. Gidan rediyonta ya fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963, an ƙulla hulɗar jakadanci da Nijeriya ranar 10 ga Fabrairun 1971, amma cuɗanyar mutum da mutum sai da kasuwanci ya kawo ta. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa durƙusar da manyan kamfanonin haƙa, Jos ta ƙara dogara ga saye da sayarwa, kuma 'yan kasuwar arewa da a da suke tsayawa a Kano ko Legas ko Dubai suka fara zarcewa birnin Guangzhou da ke kudancin Sin domin saro yadi da takalma da wayoyin hannu. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na wannan birni baƙi 'yan Afirka suka taru, kuma tunda ciniki ba ya yiwuwa sai da tafinta ko mai tsaron shago, waɗanda galibinsu 'yan mata ne da suka baro ƙauyukansu neman aiki, shaƙuwa ta riƙa kaiwa ga aure. Mafi yawan irin wannan aure tsakanin 'yan kasuwar kudancin Nijeriya ne da matan Sin, kuma mafi yawan ma'auratan a can suke ci gaba da zama, saboda haka amaryar da ake kawowa arewa daga Sin ɗaiɗaiku ce. Duk da haka, shirin tafiyarta yana nuna a fili abin da kai amarya ya koma a zamanin biza.

Amurka tun 1970 take da biza ta musamman ga wadda aka yi wa baiko, wadda ke ba ta kwana 90 ta shiga a ɗaura aure, amma tsarin Nijeriya matar da aka riga aka aura ya sani, kuma manufar biza da aka ƙaddamar a 2020 ta ware aji guda domin abokin auren ɗan ƙasa. Wannan ya sa mai neman aure yakan fara da rajista a Sin, a ofishin harkokin jama'a, inda doka ta ce sai mace ta kai shekara 20 namiji 22, kuma sai baƙo ya kawo shaidar cewa ba shi da wata mata, wadda aka tantance aka fassara. Ga Bahaushen da ke da uwargida a Jos wannan sharaɗi katanga ce, domin dokar Sin ba ta san auren mace fiye da ɗaya ba. Sannan akwai ɓangaren addini. Idan yarinyar daga Musulmin Sin take, kamar al'ummar Hui, mahaifinta ne waliyyi, a ɗaura a masallaci da sadaki da shaidu. Idan kuwa ba Musulma ba ce, ba kuma Kirista ko Bayahudiya ba, aure bai halatta sai ta karɓi Musulunci da yardar kanta, kuma a nan limami ko alƙali ne ke tsaya mata a matsayin waliyyi. Iyayenta a nasu ɓangaren suna da kuɗin aure na al'ada da suke kira caili, wanda yakan ninka sadakin da aka saba a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba.

Sai an gama wannan ake shiga shirin jirgi. Ana bukatar fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da takardar auren, da wasiƙar miji wadda ya ɗauki nauyin zamanta, a kai ofishin jakadancin Nijeriya da ke Beijin ko ƙaramin ofishin da ke Guangzhou ko Shanghai. Ana yi mata allurar rigakafin shawara aƙalla kwana goma kafin tashi, a ba ta katin ɗorawa da ake dubawa a filin jirgi, a kuma tanadi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda jikinta bai taɓa saninsa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Addis Ababa da jirgin Habasha, wanda tun 1973 yake zuwa Sin: sama da awa goma daga Guangzhou, a jira canjin jirgi, sannan kamar awa biyar zuwa Abuja ko Kano. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, kudu da Jos, na zirga-zirgar cikin gida ne, saboda haka galibi daga Abuja mota ake shiga, a bi ta Keffi da Akwanga, a haura Hawan Kibo. Agogonta yana gaba da na Nijeriya da awa bakwai, kuma idan lokacin hunturu ta iso, sanyin tudun da ya kai kimanin mita 1,200 da busasshiyar iskarsa sukan ba wadda ta taso a kudancin Sin mamaki, domin Afirka mai zafi aka siffanta mata.

A cikin akwatinta, inda a da gara take, yanzu tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki da ganyen shayi da busasshen naman kaza da jar rigar da amaren Sin ke sawa, duk a cikin nauyin da kamfanin jirgi ya ƙayyade. Abin da babu shi ne 'yan rakiya. Kuɗin tikiti da wahalar biza sun sa da wuya uwa ko gwaggo ta biyo ta, kuma da yawa daga matan biranen Sin da aka haifa tsakanin 1980 da 2015, lokacin dokar haihuwar ɗa ɗaya, su kaɗai ne a wurin iyayensu, saboda haka rabuwar da ake yi a filin jirgin Baiyun na Guangzhou ta fi ta tashar Zariya ciwo. Takardun da ke hannunta suna gamsar da jami'in shige da fice cewa matar wane ce, amma babu takardar da ke cewa ga wanda za ta kai wa kuka, kuma izinin zamanta kansa a rataye yake da auren. Dangin ango da suka san tarihin garinsu su ne ke cike wannan giɓi da tsohuwar dabarar zamanin kuza, su nemi wani gida su ce nan ne gidan iyayenta, a sauke ta a can, a sa mata lalle, sannan a kai ta ɗakinta da rakiya kamar kowace 'ya.

Haihuwar fari ita ce ke fito da sauran matsalar. Al'adar Hausa ta goyon ciki tana mayar da mace gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego da ruwan zafi da kunun kanwa har kwana arba'in, yayin da matan Sin ke da zaman wata guda a ɗaki bayan haihuwa, inda ake guje wa iska da ruwan sanyi, a da ma har da wanka, kuma uwa ko suruka ce ke kula da mai jego. Sai an zauna an daidaita waɗannan biyu, kuma uwar ɗakin da aka naɗa mata ita ce mai shiga tsakani. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sin ta 1980 kuwa ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, saboda haka matar da ta yi rajista a ƙarƙashin sashe na 26 ta rasa fasfonta na asali, shi ya sa da yawa suke gwammace su tsaya a kan izinin zama. Ɗan da ta haifa a Jos ɗan Nijeriya ne ta wajen uba, kuma idan an ɗauke ta a matsayin wadda ta yi zaman dindindin a waje, dokar Sin ba ta lissafa shi a cikin 'yan ƙasarta, don haka ranar da za a kai shi ganin kakanninsa sai an nema masa biza a ofishin jakadancin Sin.