Tsakanin Kufai da Littafi: Tafiyar Yini Ɗaya Daga Tambuwal Zuwa Alamomin Daular Kabi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai gādon ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin mutanenmu da Allah Ya hore wa fita waje akwai waɗanda suka taka ƙasar Girka. Idan sun sauka Atina sukan ɗauki shatar mota da ɗan jagora, su yini suna zagaya kufan Korinti ko na Delfi, su leƙa gidajen adana kayan tarihi, su komo masauki da almuru. Babu laifi a cikin wannan. Abin da ya dame ni shi ne, in ka tambayi ɗayansu ko ya taɓa ganin ganuwar Surame, sau da yawa sai ka tarar sunan kawai ya sani, alhali mutumin Tambuwal ko na Kebbe yana iya sallar asuba a gida, ya je ya gan ta, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa ɗalibin tarihin jihadi da ya tsaya a kan littafi kaɗai, bai je ya tsaya a kan kufan waɗanda aka yi jihadin a ƙasarsu ba, ya bar wata hujja wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kafa.

Ya kamata a fara da raba sunaye biyu da baƙi suke haɗawa. Kebbe gari ne kuma ƙaramar hukuma a ƙarshen kudancin Jihar Sakkwato, a yankin da gulbin Zamfara ya ratsa tsakanin Gummi da Jega. Kabi kuwa daula ce, wadda Jihar Kebbi ta yanzu ta ari sunanta. Ƙasar Tambuwal da Kebbe tana zaune ne a inda Kabi da Zamfara suka haɗa kafaɗa. Wanda ya dubi taswira zai ga cewa tana tsakanin ƙasar Zamfara, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi zango a Sabon Gari a farkon 1805, da Gwandu inda suka tare a cikin wannan shekarar. Ashe mazaunin wannan yanki ba baƙo ba ne ga labarin, a tsakiyarsa yake kwana.

Muhammadu Kanta ya ɓalle daga biyayyar Askiya Muhammadu na Songai wajen 1516 zuwa 1517, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas an sami saɓani a kan rabon ganima, kamar yadda Abdurrahman as-Sa'adi ya kawo a Tarihus Sudan. Rundunonin Songai ba su iya komo da shi ba. Ya kafa Surame ta zama babban birninsa, tare da Gungu da Leka, kuma ya kara da Barno. Kufan Surame yana cikin ƙaramar hukumar Binji, arewa maso yamma da birnin Sakkwato. Abin da ya raba shi da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne dutse. Ganuwar Kano da ta Katsina da ta Zazzau duk ƙasa ce, damina tana cinsu shekara bayan shekara in ba a yi yaɓe ba. Ta Surame da duwatsu aka jera ta, shi ya sa har yau akwai sassanta a tsaye, ko da yake an bar garin tun wajen farkon ƙarni na 18, lokacin da sarautar ta koma Birnin Kabi. Kabawa suna ba da labarin cewa Kanta ya ɗora wa ƙasashen da ya rinjaya aikin ginin, har ma ana cewa Nufawa da suka makara an sa su kwaɓa nasu rabon da man kaɗanya maimakon ruwa. Wannan labarin baka ne, a matsayinsa kuma za a riƙe shi. Amma wanda ya tsaya ya dubi tsawon ganuwar ba ya bukatar labarin kafin ya gane cewa hannun gari ɗaya bai isa ya tara wannan dutse ba.

A nan ne maganar Muhammadu Bello take shigowa. A cikin Infaƙul Maisur, wanda ya kammala a 1812, da ya zo kan Kabi bai tsaya ga ruwayar magabata kawai ba. Ya bayyana cewa ba a yi daular da ta kai ta ƙarfi a waɗannan ƙasashe ba, sai ya kafa hujja da kufan biranenta, waɗanda a cewarsa sun fi duk wani kufai da suka gani duk da kusan shekara ɗari da rushewarsu. A lura da wanda yake magana. Ɗan Shehu ne, jagoran yaƙi, shekara bakwai kacal bayan baffansa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi. Ba shi da wata bukata ta yabon Kabawa. Amma malami ne, ya ga dutse, ya karanta shi kamar yadda ake karanta takarda, ya rubuta abin da ya gani. Ina ganin wannan ɗan wuri a cikin Infaƙu ya fi shafuka masu yawa amfani ga mai koyon yadda ake rubuta tarihi.

Me ɗalibi zai ƙaru da shi? Wanda ya karanta labarin 1805 a gurguje zai zaci Kabi ta faɗi ne ta ƙare. Birnin ya faɗi a watan Afrilu, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, shi ke nan. Amma kafin shekarar ta fita sai ga yaƙin Alwasa, inda haɗakar Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna, suka bi su har bakin Gwandu kafin Allah Ya juya lamarin. Daga baya Sama'ila Karari ya riƙe Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya sake ɗaga tuta a 1849. Sai da aka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, sannan aka koma fagen daga har zuwan Turawa. Mutanen da kakanninsu suka jera duwatsun Surame ba su ɗauki kansu talakawan kowa ba, kuma wanda ya ga ganuwar ba zai yi mamakin wannan taurin kai na kusan shekara ɗari ba. Daga nan ne kuma zai fahimci garinsa. Ba don kasuwa aka ba Muhammadu Buhari ɗan Shehu riƙon Tambuwal ba. Ribaɗi ne a kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, kamar yadda Muhammadu Moyijo ya tsare Yabo da sarautar Sarkin Kabin Yabo. Zuriyar Buhari ta bazu a Tambuwal da Dogon Daji, inda aka haifi Ibrahim Dasuƙi wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996.

Na san abin da wani ɗalibi zai ce, domin an sha faɗa mini shi a aji. Zai kawo hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya biyo ta Hijir a hanyar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, ya hana shiga gidajen Samudawa sai ga mai kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Zai ƙara da hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku. Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata dariya ba. Amsar ita ce Hijir wuri ne da nassi ya tabbatar an saukar da azaba a cikinsa, kuma illar hanin a bayyane take a cikin hadisin. Surame ba haka take ba. Babu wani nassi a kanta, mutanenta tashi suka yi suka koma wani gari kamar yadda birane suke tashi. Ko a Hijir ɗin ma abin da aka hana shi ne shiga da gafala. Hadisin ɗaura sirdi kuwa malamai sun yi saɓani a kan faɗinsa. Nawawi da Ibnu Hajar sun karkata ga cewa magana ce a kan fifikon masallatai, Ibnu Taimiyya ya faɗaɗa shi ya haɗa da nufin kaburbura don ibada. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya hana tafiyar neman ilimi ko fatauci. Ga kuma ayoyin da suka yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka gabata, kamar aya ta 137 a Suratu Ali Imrana, da ta 9 da ta 42 a Suratur Rum. Iyakar da za a kiyaye a fili take: a je don lura da ilimi, kada a je neman tabarruki da dutse ko itace.

Magabata sun yi wannan tafiya sun rubuta ta. Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya rasu a 1231, ya auna kufan Misira da idon likita a littafinsa Al-Ifada wal-I'itibar, ya kuma yi kakkausar suka ga masu fasa gine-ginen don haƙar dukiya. Ibnu Khaldun ya kawo labarin Haruna ar-Rashid da ya so rushe fadar Kisra aikin ya gagare shi, ya ɗauki wannan a matsayin ma'aunin ƙarfin daular da ta gina ta, wato hanyar da Bello ya bi a kan Surame. Ita kanta Girka da muka fara da ita tana da shafin Musulunci wanda 'yan jagora ba su cika tsayawa a kansa ba. Bayan Usmaniyawa sun karɓi Atina a tsakiyar ƙarni na 15, ginin Fartenon da ke kan dutsen Akrofolis ya zama masallaci. Matafiyin nan Baturke Awliya Calabi ya gan shi a haka wajen 1667, ya siffanta shi da mamaki. Shekara 20 bayan haka, a 1687, mayaƙan Fenis suka harba masa igwa alhali an ajiye albarushi a ciki, ya tarwatse. Da bai rubuta ba, da mun rasa ɗaya daga cikin shaidun ƙarshe na yadda ginin yake da rufinsa. Wani abin lura kuma, a shekarun 1801 zuwa 1812, daidai lokacin da ake hijira zuwa Gudu ana gwabzawa a Tafkin Kwatto da Alkalawa, jakadan Ingila Elgin yana kwashe sassaƙen Fartenon zuwa Landan, inda suke har yau Girkawa suna neman a mayar musu.

Ga wanda zai fita daga Tambuwal hanya biyu ce, kuma yini ɗaya ba ya ɗaukar su duka. Ta yamma tana bi ta Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, ta wuce Birnin Kabi da Alwasa ta kai Argungu. A can ne Gidan Tarihi na Kanta yake, a tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakuna suka zauna a cikinta har 1942, aka buɗe ta ga jama'a a 1958. Akwai masu da takubba da baka da kibau da bindigogi da tambura, akwai kuma kayan da suka shafi tsafi. Na ga ɗaliban da suka ja da baya a wannan ɗaki. Ni kuwa cewa nake su matso. Shehu a Nurul Albab ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku, kashi na tsakiya su ne masu cuɗanya ayyukan Musulunci da na kafirci, kuma a kan wannan cuɗanya ce muhawarar Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ta yi zafi. Mai karanta waɗannan takardu bai taɓa ganin irin abin da ake magana a kansa ba yana karatu ne da rabin ido.

Hanyar arewa tana bi ta Dogon Daji da Shagari zuwa Boɗinga da Sifawa, sannan Sakkwato, sannan Surame. Sifawa ita ce inda Shehu ya zauna bayan Gwandu har 1815, a can aka raba kula da daula tsakanin Abdullahi da Bello a 1812, a wannan zama ne kuma ya rubuta Sirajul Ikhwan a 1811 da Ta'alimul Ikhwan a 1813. Mai neman ginin da zai cika masa ido kamar na Kanta ba zai same shi a nan ba. Abin da aka gina a Sifawa yana cikin takarda, kuma ana ganin wani sashe nasa a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ni a wurina wannan hanya ta fi, domin a yini guda ɗalibi yana ganin iri biyu na abin da mai mulki yake bari a bayansa.

Sai dai takardun suna da masu kwafe su, duwatsun ba su da. An ayyana Surame cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, aka sa ta a jerin wuraren da Nijeriya take nema wa amincewar UNESCO a 2007, har yau tana nan a jerin jira. A shekarun nan rashin tsaro ya taɓa yankunan Binji da Tangaza da Gudu, bai kuma bar dazukan Kebbe ba, saboda haka duk mai niyyar zuwa sai ya tuntuɓi hukuma da hakiman wurin tukuna, ya fita da wuri, ya baro kafin la'asar ta yi sanyi. Sassan nazarin addini da na tarihi a jami'o'inmu suna iya sa wannan fita cikin karatun Infaƙul Maisur, a karanta babin Kabi da daddare, a wayi gari a kan ganuwa da igiyar awo da abin ɗaukar hoto, a rubuta tsawon kowane sashe da ya rage a tsaye, a ajiye kwafi a laburaren sashe da kwanan watan da aka auna.