Hanyoyin zama hafsan Sojan Ruwa: Bambancin NDA, Kwalejin Onne da sauran makarantun da ke rikita matasa

Duk shekara idan aka buɗe shafin neman shiga makarantun soja, shagunan intanet a unguwanni irin su Kambarawa da ke birnin Katsina sukan cika da matasa riƙe da takardun sakandare da hotunan fasfo. Daga cikinsu akwai masu burin sanya farin kaki na Sojojin Ruwa, ko da yake akasarinsu ba su taɓa ganin teku ba. Nisan Katsina da gaɓar teku ba ya hana kowa wannan aiki. Abin da ya fi tare hanya shi ne rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wani zai cike fom ɗin ƙananan sojoji yana zaton hafsa zai fito, wani kuma mahaifinsa zai biya kuɗin makarantar jiragen kasuwanci bisa tunanin ta soja ce, kafin a farga shekarun neman gurbi sun wuce.

Wannan bayani ya tattaro hanyoyin da ake bi a zama hafsa a Rundunar Sojojin Ruwan Najeriya, da abin da kowace hanya ke buƙata, da kuma inda take kai mutum.

Rundunar a taƙaice

An kafa rundunar a ranar 1 ga Yuni, 1956, tun zamanin mulkin Turawa, ta kuma samu sunanta na yanzu a 1963 lokacin da Najeriya ta zama jamhuriya. Aikinta shi ne tsare gaɓar tekun ƙasar mai tsawon kusan kilomita 853, da ruwan Najeriya a mashigin tekun Gini, da yaƙi da 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai. Tana da manyan shiyyoyin aiki uku: ta Yamma mai hedikwata a Apapa da ke Legas, ta Gabas a Kalaba, da ta Tsakiya a Jihar Bayelsa.

A Arewa ma tana da wuraren aiki. Akwai sansaninta a Baga da ke bakin Tafkin Chadi, akwai NNS Lugard a Lokoja, sannan akwai kwalejin koyar da harkar kayan aiki da guzuri a Dawakin Tofa da ke Jihar Kano.

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta cewa hafsoshin sojojin ƙasar su fito daga kowane ɓangare na tarayya. Ma'anar wannan ita ce ɗan Katsina yana da gurbi kamar yadda ɗan Ribas yake da shi, kuma yawancin takararsa da 'yan jiharsa yake yin ta. Tarihi ma ya nuna ɗan tudu na iya kaiwa ƙololuwa: Murtala Nyako daga Adamawa ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo daga Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023, sannan a Oktoban 2025 aka naɗa Idi Abbas, shi ma ɗan Kano. Dattawan Katsina kuma ba za su manta ba cewa hafsan Sojan Ruwa ne, Kyaftin Emmanuel Acholonu, ya mulki jihar daga 1993 zuwa 1996.

Hanya ta farko: NDA Kaduna

Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, ita ce babbar ƙofa. An kafa ta a watan Fabrairun 1964 da taimakon hafsoshin Indiya, kuma shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M.R. Varma. Ta fara bayar da digiri a tsarin da aka shigo da shi a 1985, ta kuma karɓi mata a cikakken kwas karon farko a 2011. Mazauninta na dindindin yana Afaka, a hanyar filin jirgin saman Kaduna.

Tsarinta ya bambanta da na Amurka da Ingila, inda Sojojin Ruwa ke da makarantarsu ta daban a Annapolis da Dartmouth. A Najeriya, kamar a Indiya, ɗaliban sojan ƙasa da na ruwa da na sama wuri guda suke kwana, su yi fareti tare, su yi karatu tare. Don haka wanda ke son zama hafsan ruwa tun daga sakandare, a Kaduna zai fara, inda babu teku.

Cikakken kwas, wanda sojoji ke taƙaitawa da RC, shekara biyar ne. Shekara huɗu na karatun digiri ne haɗe da horon soja, ragowar kuma na ƙwarewa a aikin rundunar da ɗalibi zai shiga. A wannan mataki ne ɗaliban ruwa ke samun horo a Kwalejin Sojojin Ruwa da ke Onne a Jihar Ribas da kuma cikin jiragen yaƙi. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu, abinci, kaki da wurin kwana, har da ɗan alawus. A ƙarshe ɗalibi na fita da digiri da kuma takardar naɗin hafsa daga Shugaban Ƙasa.

Sharuɗɗan da suka saba fitowa a sanarwar makarantar su ne:

- Kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba.
- Rubuta jarrabawar JAMB tare da zaɓar NDA a matsayin zaɓi na farko. A shekarun baya an saba neman maki 180, sai injiniyanci da ake neman 210.
- Ƙarancin shekaru. An daɗe ana sanya iyakar tsakanin 17 zuwa 21, amma sanarwar kowace shekara ita ce abin dogaro.
- Tsayin da bai gaza mita 1.68 ba ga maza, na mata kuma ƙasa da haka kaɗan.
- Rashin aure da rashin nauyin ɗa a wuya.
- Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da jiha.

Bayan JAMB akwai jarrabawar tantancewa ta makarantar kanta. Waɗanda suka haye sai su bayyana a gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja a Kaduna, inda ake duba takardu, a gwada lafiya da ƙarfin jiki, a kuma yi musu tambayoyi baki da baki. Abin lura a nan shi ne, mai nema yana bayyana rundunar da yake so, amma hukuma ce ke da ta cewa a ƙarshe. Wanda ya nemi ruwa na iya tsintar kansa a sojan ƙasa.

Hanya ta biyu: shiga bayan kammala digiri

Wanda shekarun NDA suka wuce shi bai rasa komai da komai ba. Rundunar na ɗaukar waɗanda suka riga suka gama jami'a ko babbar difloma ta hanyar shirin da ake kira DSSC. A nan ana neman mutum ne saboda sana'ar da ya karanto: likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna, injiniyoyi, lauyoyi, akantoci, malaman makaranta, masana kwamfuta, jami'an yaɗa labarai, har da limamai.

Ana buƙatar digiri mai daraja ta biyu ko babbar difloma mai kyakkyawan sakamako, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Galibi iyakar shekaru kan kasance tsakanin 22 zuwa 28, tare da sassauci ga wasu ƙwararru irin su manyan likitoci. Horon watanni ne a Kwalejin Onne, daga nan yawanci a fito da muƙamin Sub-Laftanar.

Wannan hanya ta dace da ɗan Katsina da ya karanta fanninsa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Sai dai ba kowace shekara ake neman kowane fanni ba. Rundunar na tallata guraben da take da buƙata ne kawai.

Ina bambancin yake?

Hafsoshin hanyoyin biyu kaki ɗaya suke sawa, gaisuwa ɗaya ake yi musu, amma makomarsu ba ɗaya ba ce. Ɗan NDA an raine shi ne don yaƙi da jagoranci. Shi ake sa ran zai tuƙa jirgin yaƙi, ya shugabanci sansani, ya riƙe shiyya, wata rana ma ya shugabanci rundunar baki ɗaya. Gambo ɗan kwas na 36 ne, Emmanuel Ogalla da ya gaje shi ɗan kwas na 39, Idi Abbas kuma ɗan kwas na 40.

Hafsan DSSC kuwa aikinsa na tafiya ne a cikin fanninsa. Naɗinsa na farko na wa'adi ne, sai daga baya ya nemi a mayar da shi na dindindin idan ya cika sharuɗɗa. Yana iya kaiwa babban muƙami a sashen lafiya ko shari'a ko ilimi, amma ba a saba miƙa masa ragamar jirgin yaƙi ba. Ribarsa ita ce yana da sana'ar da zai koma wa idan ya ajiye kaki, kuma ya shiga ne da cikakken hankali, ba yana ɗan shekara 17 ba.

Matakan muƙami a ruwa su ne Sub-Laftanar, Laftanar, Laftanar Kwamanda, Kwamanda, Kyaftin, Kwamado, Riya Admiral, Bayis Admiral da Admiral. Sunayen na ruɗa mutane: Kyaftin na ruwa daidai yake da Kanar a sojan ƙasa, Kwamado kuma daidai da Birgediya Janar.

Makarantun da ba sa mayar da mutum hafsa

A nan ne iyaye suka fi yin asara. A garin Onne akwai makarantu biyu na rundunar. Ɗaya ita ce kwalejin hafsoshi, ɗayar kuma makarantar horar da kurata ce da ake kira NNBTS. Wanda ya shiga ta biyun ƙaramin soja zai fito. Aiki ne mai mutunci, kuma akwai tsarin da ke ba ƙananan sojoji masu ƙwazo damar zama hafsoshi daga baya, amma tafiya ce mai tsawo wadda ba kowa ke kaiwa ƙarshenta ba.

Makarantar Koyon Aikin Teku da ke Oron a Akwa Ibom, da Jami'ar Harkokin Teku da ke Okerenkoko a Delta, suna horar da ma'aikatan jiragen kasuwanci da na tashoshin ruwa ne. Ɗalibansu na sa kaki, suna fareti, amma ba sojoji ba ne. Jami'ar Admiralty da ke Ibusa, wadda rundunar ke da hannu a kafa ta, digiri take bayarwa kamar kowace jami'a. Haka nan makarantun sakandaren Sojojin Ruwa da ke wurare irin su Ojo da Abeokuta: suna tarbiyyantar da yaro, amma dole ya nemi NDA kamar kowa.

Akwai kuma manyan kwalejoji da ba a shiga daga gida. Kwalejin Jaji da aka kafa a 1976, da Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja da aka kafa a 1992, da Kwalejin Yaƙi ta Sojojin Ruwa da ke Kalaba, duk na hafsoshin da ke bakin aiki ne. Kwalejin Dawakin Tofa ita ma ma'aikatan rundunar take koyarwa. Duk wanda ya ce zai samo wa ɗan sakandare gurbi a ɗayansu, ƙarya yake yi.

Abin da ke kayar da masu nema

Gwajin lafiya na tankaɗe mutane da dama waɗanda suka ci jarrabawa. Ana duba ido, da jini, da ƙirji, da tsayuwar ƙafa. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, gwame, zanen tatu da tsohuwar karaya na iya jawo a sallami mutum. Ga mai son aikin jirgi, iya bambance launi wajibi ne, domin da dare jirage na sanin inda juna suka dosa ne ta fitilu: ja a hagu, kore a dama. Yana da kyau matashi ya je asibiti a duba shi tun kafin ya kashe kuɗin mota zuwa Kaduna.

Na biyu shi ne saɓanin takardu. Idan ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar haihuwa, lambar NIN da rajistar JAMB, ko aka rubuta suna iri biyu, wannan kaɗai ya isa. Rage shekaru kuwa laifi ne da kan biyo mutum har bayan ya sa kaki.

Na uku 'yan damfara ne. Rundunar ta sha nanata cewa neman shiga aikinta kyauta ne, kuɗin fom ɗin NDA kuma ta hanyar Remita ake biya zuwa asusun gwamnati. Wanda ya turo lambar asusunsa a WhatsApp yana cewa yana da gurbin wani babba, kuɗin kawai yake so.

Kafin a yanke shawara

Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare, mai ƙarfi a Lissafi da kimiyya, wanda burinsa jirgin yaƙi ne, NDA zai nufa tun yanzu, domin damar ba ta wuce 'yan shekaru. Yana da kyau ya tanadi wata jami'ar da zai koma idan bai dace ba, kada ya zauna jiran tsammani. Wanda ya riga ya yi nisa a jami'a gara ya ƙarasa da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, ya jira sanarwar DSSC.

Ya kamata iyali su san abin da suke amincewa da shi. Hafsan ruwa na iya shafe watanni a teku ko cikin fadamun Neja Delta, ana kuma iya tura shi Baga ya fuskanci Boko Haram da ISWAP. Hatta makarantar ba ta tsira ba: a ranar 24 ga Agusta, 2021, 'yan bindiga sun kutsa NDA a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, ɗaya daga cikinsu na Sojan Ruwa, suka kuma sace na uku. Wanda ya ji wannan duka bai karaya ba, sai ya fara gudun safe, ya nemi wurin da zai koyi iyo a ƙarƙashin kulawa, ya kuma gyara takardunsa kafin a buɗe shafin.