Askar Wanzami a Didawure

Kafin Jamusawa su kafa bariki a Sokode a 1898, Didawure, wadda unguwa ce a garin, ta riga ta zama zangon fatake masu bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga. Ayari ba ya tafiyar watanni ba mai magani, shi ya sa wanzami ya bi fatake da zabirarsa: ga kaho, ga kaciya, ga askin suna. Sana'ar ta yi jijiya a zangunan wannan hanya, har kalmar wanzam ta shiga bakin mutanen Gana. A Didawure, wanzami ne mai shiga gida ranar suna, kafin a san asibiti.

Likitoci za su ce askar da ta zaga jarirai ba a dafa ta ba tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, cire beli kuma yana jawo zubar jini. Gaskiya ne, cire beli kam ya kamata a bar shi. Sai dai laifin aska ba ya shafe amanar da iyaye suka ba mai ita. Daga Sokode har Dapaong, wanzamin da aka koya wa sauya reza ga kowane yaro, da tura mai zubar jini asibiti, ya fi wanda aka tsangwama ya koma aiki a ɓoye.