Bundaberg: garin rake da katangun baƙin dutse

Ran nan wani ɗalibina ya tambaye ni wa ke noma raken da ake yin sukari da shi. Sai na buɗe taswira, na nuna masu Bundaberg, wani gari a jihar Queensland ta Ostareliya, a bakin kogin Burnett, inda sanyi ba ya tsanani.

Ƙasar ta al'ummar Taribelang Bunda ce tun kaka da kakanni. Turawa masu yankan katako sun iso a 1867, daga baya rake ya mamaye gonaki, aka buɗe masana'antar sukari ta Millaquin a 1882. To, wa ya yi aikin? Daga 1863 zuwa 1904 an kwaso dubban mutane daga tsibiran Pasifik, irin su Vanuatu da Solomon, wasu da yaudara, wasu da ƙarfi. Bayan dokar 1901 aka kori da yawa daga cikinsu. Katangun baƙin dutse da suka jera lokacin sharar gonaki suna nan har yau.

Yanzu baƙi na zuwa gaɓar Mon Repos kallon kunkurun teku suna yin ƙwai daga Nuwamba, ƴaƴan kuma na ƙyanƙyashewa daga Janairu zuwa Maris. Akwai kuma gidan tarihin Bert Hinkler, ɗan garin da ya fara tuƙa jirgi shi kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya a 1928.

Yara sun fi son labarin kunkuru. Amma malamai da iyaye, mu riƙa gaya masu na katangun ma, don su san gumin da ke bayan zaƙi.