Dokar Makaranta, Ta 'Ya Ce Ko Ta Uwa?

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa shirya 'yarta ko ƙanwarta zuwa makarantar kwana ta san takardar nan da ake haɗowa da takardar ɗauka. Gabanta jerin kaya ne: akwatin ƙarfe, bokiti, tsintsiya, fartanya, yunifom, takalmin sandal da farar safa. Bayanta kuma sharuɗɗa. Ba a zuwa da waya, ba a zuwa da kayan kwalliya, ba a fita ƙofa sai da izini, ba mai ganin yarinya sai ranar ziyara, wadda kuma ta makara wajen dawowa daga hutu ta zo da mahaifinta. Can ƙasa ga gurbin da uba zai sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mu dai jerin kayan muke dubawa, domin shi ne mai cin kuɗi, sharuɗɗan kuwa mu bar wa yarinya, a ganinmu ai ita aka kafa wa. To, in kika bi salsalarsu za ki tarar yawancinsu saboda mu iyaye aka fara yin su, wasu don a tilasta mana, wasu don a lallashe mu.

Lokacin da Baturen nan Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, samun yaran da za su zauna a ajin shi ne babban aiki. Haka abin ya ci gaba shekara da shekaru, har bayan an fara kafa elemantare a gundumomi. A wancan zamani ƙasar Dutse da Jahun da Miga da Kiyawa da Birnin Kudu duk a ƙarƙashin En'e ta Kano suke. Sai a aiko wa hakimi ya kawo yara kaza, shi ya raba wa dagatai, su kuma su raba wa masu unguwanni. Kin ga ke nan dokar makarantar boko ta farko a ƙasar nan kan uba ta hau, wato ya ba da ɗa, ko yana so ko ba ya so.

Har yau tsofaffi na ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi gabas almajiranci cikin dare, mai hali kuma ya aika wa dagaci da akuya ko damin gero don a tsallake gidansa. Sai abin ya faɗa kan maraya, da ɗan bara, da ɗan wanda dagaci ke jin haushi. Allah da ikonsa, da yawa daga waɗanda aka kai don mugunta su ne suka dawo gari suna malaman makaranta da malaman asibiti da akawu, 'ya'yan gatan da aka ɓoye suna zuwa wurinsu a karanta musu wasiƙa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Kada mu yi wa kakanninmu dariya fa. Tsoronsu shi ne yaro ya tafi Musulmi ya dawo wani abu daban, don sun ga wanda ya kawo karatun, sun kuma ji yadda makarantun mishan suke a kudu. Saboda haka makarantun En'e suka sa darasin Arabiyya da addini, aka ajiye malami, aka ware lokacin salla. Waccan ƙararrawar da ke tada 'yarki da asuba, da firfet ɗin da ke bin ɗaki-ɗaki tana korar mutane zuwa masallaci, jikokin wannan alkawari ne da aka yi wa iyaye.

Maganar 'ya'ya mata ta fi haka wuya. Ilimin mata dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna ɗaukar karatu suna kai wa mata har ƙauyukansu. Amma lura, a wancan tsari karatu ne ke zuwa ya sami mace a inda take. Boko kuwa cewa ya yi yarinya ta fito ta same shi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Shi ya sa da aka buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina wajen 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, cikin gidan sarauta aka sa su, bayan katanga, malamai mata, ɗalibai 'ya'yan fada da na hakimai. Ana koya musu karatu da rubutu da ɗinki da tsabta da renon yara. A 1939 aka buɗe makarantar horar da malamai mata a Sakkwato, daga baya aka yi wasu. Duk inda aka kafa makarantar kwana ta mata, da waccan katangar aka tafi: ƙofa a kulle, maigadi tsoho, uwar makaranta tana kwana kusa da ɗakunan yara, da katin ziyara mai sunayen waɗanda uba ya yarda su ga 'yarsa. Ciniki ne aka ƙulla, ko da ba a rubuta shi haka ba. Ku ba mu amanar 'yarku, za mu dawo muku da ita ba tare da abin kunya ba.

Ni a ganina wannan ciniki ya yi rana, don ba don shi ba da uwayenmu da yawa ba su ga aji ba. Sai dai nauyinsa kan yarinya ya fi sauka. Namiji ya tsallake katanga ya je kallo cikin gari, a yi masa bulala ya yanki ciyawa, shi ke nan. Mace a kama ta da wasiƙar saurayi guda ɗaya, sai a tara makaranta a karanta, a haɗa ta da akwatinta.

Maza kam sun riga mu nisa a wannan yanki, don makarantar Birnin Kudu ta daɗe tana yaye su, cikinsu har da Aliko Ɗangote da ya gama a 1978. Abin da ya buɗe wa talaka ƙofa sosai shi ne shirin UPE na 1976, lokacin da aka ce firamare kyauta ce ga kowa. Yara suka yi ambaliya, bayan shekara shida suka tunkari sakandare, gwamnati ba ta da gadon kwantar da kowa, sai makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita. Daga 1982 kuma aka shigo da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Riƙe wannan rabon na uku da uku a ranki, za mu dawo kansa.

A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a farkon shekarun 1980 aka yi ta mata a Taura, daga baya aka ƙara ta Jahun, nan maƙwabtan Miga. Dokarsu ita ce sai an ci jarrabawa ake shiga, dalilin kafa su kuwa shi ne jihar ta sami likitoci da injiniyoyi da malaman jinya 'ya'yanta na kanta. Da aka yanki Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, Taura da Jahun suka faɗo rabonmu. Abin mamaki, maigidan da zai yi rantsuwa namiji ba zai duba matarsa a asibiti ba, shi ne dai zai cire 'yarsa daga aji biyu. To wa zai haifa masa likitar? Wadda ta taɓa kai jinya asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ta ga shekarun wasu daga cikin masu kwance a gadajen nan, ta kuma san ajin da ya kamata a ce suna ciki.

Horo kuwa, kowane zamani da irin nasa. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, makarantu suka ɗauka da zafinsa, mai latti ya sha tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa har aji. A shekarar ne aka yi dokar soja mai lamba 20, wadda ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, don tun fitar takardun WAEC na 1977 abin ya zama abin kunyar ƙasa. A 1999 aka sake dokar, aka sassauta ta zuwa tara da ɗaurin 'yan shekaru. Amma tsakani da Allah, satar amsa ta ragu? Yau uwa ce da kanta take sayar da tunkiya ta ba da kuɗin da za a "taimaka" wa 'yarta a zauren jarrabawa, yarinya ta fito da kiredit tara, a ce ta rubuta takardar neman aiki ta kasa. Ba na ma son in shiga dokokin da ba a rubuta ba, na siniyoyi, masu sa ƙaramar yarinya ɗebo ruwa da wanki da fifita, su ƙwace mata garin kwaki da ƙuli-ƙulin da kika ƙulla mata, ta koma kan gabza. Wannan ko a takardar sharuɗɗa ba ya fitowa, kuma shi ya fi korar yara daga makaranta fiye da bulalar malami.

Yanzu ga inda na ce ki riƙe. A 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 ya zama doka. Dokar ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma tilas ne. Uban da ya ƙi kai ɗansa ko 'yarsa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Wato an dawo gidan jiya, doka ta sake hawa kan uba kamar zamanin dagaci, sai dai wannan karon ba dogari. Ke kin taɓa jin wanda aka ɗaure a garinku saboda ya hana 'yarsa zuwa makaranta?

Ko da ma ana ɗaurewa, tilas ɗin a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, lokacin yarinya tana da shekara sha huɗu ko sha biyar, daidai lokacin da masu sallama suka fara yawa a ƙofar gida. Inda doka ta saki hannunta, nan ne ake karɓar kuɗin gaisuwa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, a kan wannan gaɓar ta gina littafinta Wa Zai Auri Jahila? tun 1990, kuma har yanzu maganar ba ta tsufa ba. A zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, Jigawa ta ɗauke wa 'ya'ya mata kuɗin makaranta, hakan ya toshe hujja guda. Sauran hujjojin suna nan, kuma wasu a ɗakinmu suke. Mu faɗi gaskiya, yarinyar da ke aji ba ta ɗaukar talla, kuma da ribar tallan nan ake tara kwalla da tasa da gado. Uwar da ta bar 'yarta ta kai aji shida ta san abin da ta sadaukar, ta kuma san gorin da za ta sha ranar jere in ɗaki bai cika ba. Ba a rubuta wannan a kowace takarda, alhali shi ne sharaɗi mafi tsada da makaranta ke ɗora wa uwa.

Shi kuma ɗaya ɓangaren cinikin, na amana, ya sha girgiza. An kwashi 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka kwashi 110 a Dapchi a 2018, aka sake yi a Jangebe ta Zamfara a 2021, duk daga cikin katangar da aka ce ita ce kariyarsu. Tun da mun sa hannu a kan tamu takardar, muna da bakin tambayar tasu. Akwai taron iyaye da malamai, akwai kuma kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda aka tanadar wa mata kujeru a cikinsa, amma sau da yawa maza kaɗai ke cika bencin, su yi maganar kuɗin gyaran rufi su watse. Mace ce za ta tuna ta tambayi ina yara ke ɗebo ruwa da dare, banɗaki nawa ke da ƙofa, wa ke kai yarinya asibiti in ciwon mara ya murɗe ta ƙarfe biyun dare, kuma da wace mota.

Akwai ma sharaɗin da ya kamata mutanen Miga da sauran garuruwan fadama su ɗaga wa hannu. Sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa, daidai lokacin da ruwa ke cika ya yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, har wasu makarantun suka koma masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Takarda kuwa ranar dawowa guda ta sani, ta 'yar cikin Dutse da ta 'yar bakin kogi. Yarinya ta fara tafiya a kwalekwale, ta hau babur, ta hau mota, ta iso da akwatinta bayan mako biyu, maigadi ya tare ta a ƙofa ya ce ina mahaifinki, shi kuwa yana can cikin ruwa iya ƙugu yana tsamo abin da ya saura na shinkafarsa.