Yadda ake kallon babbar gasar ƙwallon lambu

Ƙwallon lambu, wato golf, wasa ne da mutanen Arewa suka fi jin labarinsa a kan ganinsa. Ma'aikacin gwamnati daga Gumel ko ɗan kasuwa daga Maigatari kan samu gayyata zuwa gasa a Dutse, Kano ko Abuja, ya je filin ya yini cikin rana, ya dawo bai san wanda ya ci ba, wani lokaci ma da kunyar an tsawata masa don ya yi magana a inda ake son shiru. Dalili shi ne wasan ya saɓa da ƙwallon ƙafa da dambe, inda ɗan kallo ke zama wuri guda yana ganin komai. Filin golf yana da faɗin gonaki da yawa, ana kuma wasa a sassansa duka a lokaci ɗaya, don haka sai mai kallo ya tsara wa kansa abin da zai gani.

Tushen wasan

Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa kan buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ya jefa ta cikin rami mai faɗin milimita 108, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Doka ta yarda masa ya riƙe sanduna 14 kawai, kuma a manyan gasanni akwai mai ɗaukar masa jaka, wanda ake kira kadi, da ke ba shi shawara kan nisa da iska.

Kowane rami yana da ma'auni, wato yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi kafin ya cika shi: uku, huɗu ko biyar, gwargwadon tsawonsa. Jimillar ma'aunin fili kan kasance 70 zuwa 72. Idan ɗan wasa ya cika rami da bugu ɗaya ƙasa da ma'auni, Turawa na yi wa wannan laƙabi da ɗan tsuntsu. Idan biyu ne ƙasa, mikiya. Idan kuwa ya zarce da ɗaya, bogi ke nan. A kan allon sakamako, wanda ya zagaya filin ma'auni 72 da bugu 68 za a rubuta masa -4, galibi da jan launi. A nan alamar ragi ita ce alheri, kuma wanda lambarsa ta fi nisa a ƙasa shi ke kan gaba. Wannan shi ne abin da ya fi rikita sabon ɗan kallo.

Manyan gasanni huɗu

A ɓangaren maza, gasanni huɗu ne suka fi daraja a duniya. Masters ana yin ta a watan Afrilu a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka tun 1934, kuma ita kaɗai ce ba ta sauya fili. Zakaranta kan samu koren kwat. Gasar PGA, wadda aka fara a 1916, ta koma watan Mayu tun 2019. US Open, da ta faro a 1895, tana zuwa a Yuni. Babbar yayarsu ita ce The Open ta Birtaniya, wadda aka fara a Prestwick da ke Skotland a 1860, ana kuma yin ta a Yuli. Jack Nicklaus ya lashe irin waɗannan kofuna 18, Tiger Woods 15, Gary Player na Afirka ta Kudu kuma 9.

Tsarinsu iri ɗaya ne: kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 18 kowace rana, jimilla 72. Bayan wasan Juma'a akan yi tankaɗe, a sallami waɗanda suka yi baya. A Masters 50 na farko ke saura tare da duk wanda ya yi kunnen doki da na ƙarshensu, a US Open 60, a sauran biyun kuma 70. Ranakun Asabar da Lahadi waɗanda ke kan gaba su ke fita a ƙarshe. Idan aka tashi kunnen doki a saman allo, sai a ƙara ramuka don raba gardama.

Inda ake wasan a kusa da mu

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Gasar Nigerian Open da aka riƙa yi a filin Ikoyi na Legas ta taɓa jawo manyan 'yan wasa: Sandy Lyle ya lashe ta a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989, dukansu kafin su ci manyan kofunan duniya. A Arewa akwai filaye a Kano, Kaduna, Zariya da Rayfield ta Jos, waɗanda asalinsu ke komawa zamanin Turawan mulkin mallaka, sai filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991. A Jihar Jigawa, marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a 2023, ya kafa filin golf a Dutse, ya kuma ƙawata shi da itatuwa. Ga mutumin ƙasar Gumel, ko daga Gagarawa yake ko Sule Tankarkar, Dutse da Kano su ne wurare mafi kusa da zai ga wasan da idonsa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a sani. A filayen da ake nunawa a talabijin, kewayen rami ciyawa ce gajera mai santsi. A wurare masu ƙarancin ruwa kuwa an daɗe ana amfani da rairayi da aka cakuɗa da mai aka daddale, ana share shi kafin bugu. Ko wanne ne, ɗan kallo ba ya taka wurin.

Zama ko bi

Hanyoyin kallo biyu ne. Ta farko, mutum ya zaɓi rami ɗaya ya zauna, rukunan 'yan wasa na zuwa suna wucewa ta gabansa, biyu-biyu ko uku-uku, kusan duk minti goma. Amfaninta shi ne zai ga kowa, ya kuma gane bambancin gwanintarsu a kan matsala guda. Mafi kyawun wurin zama shi ne bayan rami mai ma'auni uku, domin daga nan ana ganin bugun farko da saukar ƙwallo da jefawar ƙarshe. Wurin da ya haɗa ƙarshen wani rami da mafarin wani shi ma riba biyu ne.

Ta biyu, ya zaɓi rukuni ɗaya ya bi su tun daga rami na farko. Wannan tafiya ce ta awa huɗu zuwa biyar, mai iya kaiwa kilomita takwas ko fiye. Mai bin fitaccen ɗan wasa zai sha cunkoso, don haka dabara ita ce ya riƙa wuce shi da rami ɗaya, ya kama wuri ya jira. Wanda ya saba da hawan Sallah a Gumel ya san wannan: mai bin dawaki a baya ƙura yake sha, mai rigan su ƙofar fada shi ke ganin jafi.

Mai kwana ɗaya kacal zai fi amfana idan ya haɗa biyun. Ya yi sammako, ya fara da wurin atisaye, inda ake ganin 'yan wasa kusa-kusa suna gwada sandunansu. Da hantsi ya bi wani rukuni marar taro na ramuka tara don ya san filin, da la'asar kuma ya zauna kusa da ramukan ƙarshe. Alhamis da Juma'a su ne ranakun ganin kowa kafin tankaɗe, Lahadi kuma ranar yanke hukunci. Ɗan kasuwar da Alhamis ke riƙe shi a kasuwar Maigatari bai yi asara ba idan ya samu Asabar, ranar da ake yawan sauya matsayi a kan allo. A karɓi takardar jadawalin fita da taswirar fili tun a ƙofa, domin da su ake sanin inda kowane ɗan wasa yake.

Ladubban ɗan kallo

Da zarar ɗan wasa ya tsaya kan ƙwallonsa, sai kowa ya yi shiru ya daina motsi har ya buga. Jami'an fili kan ɗaga hannu ko allo don sanarwa. Tafi da yabo bayan bugu ne, kuma ba a yi wa kowa ihu don ya kuskure. Ana tsayawa bayan igiya, ana tsallaka fili ta mashigar da aka keɓe kawai. Waya a rufe mata murya. A Augusta ma ba a shiga da ita sam, kuma ba a gudu a cikin filin. Gaisuwa da neman hoto sai bayan an tashi, ko da ɗan wasan abokin aiki ne ko maigida.

Idan ƙwallo ta faɗo kusa da mutum, kada ya taɓa ta, ko da niyyar taimako. Doka ta ce a buga ta daga inda ta tsaya, kuma minti uku kawai ɗan wasa yake da su na neman wadda ta ɓace. Taimakon da ake so shi ne a nuna wa jami'i wurin da ta faɗa.

Tsaron lafiya

Ƙwallon golf ƙarama ce amma tauri gare ta kamar dutse. A gasar Ryder Cup ta 2018 a Faransa, wata 'yar kallo ta rasa ganin ido ɗaya bayan ƙwallo ta same ta. Idan aka ji an ƙwala kiran "fo", gargaɗi ne cewa ƙwallo ta kauce hanya: a sunkuya a kare kai da hannu, kada a ɗaga fuska ana nemanta. Wurin da dogon bugun farko ke sauka ya fi ko'ina haɗari, musamman ga yara.

Tsawa ma abin tsoro ce a buɗaɗɗen fili. A gasar US Open ta 1991 a Hazeltine, aradu ta kashe wani ɗan kallo da ya fake ƙarƙashin itace. Da damina, in aka busa ƙahon dakatar da wasa, a nufi gini ko mota. Da bazara kuwa, a tanadi ruwa da malafa ko laima, da takalmi marar tsini mai daɗin tafiya. Babbar riga ta dace da bikin raba kyaututtuka, amma zagaya ramuka 18 sai da tufa marar nauyi. A kuma tambayi wurin salla tun da wuri, domin wasan kan ratsa Azahar da La'asar.

Tikiti da kallo daga gida

Mai niyyar zuwa ƙasar waje ya sani cewa tikitin Masters da na The Open ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, ana kuma nema a shafin masu gasar kusan shekara guda kafin lokaci. Augusta ta haramta sayar da tikitinta ga wani, kuma wanda aka kama da irinsa ana iya korarsa daga ƙofa. Saboda haka duk dillalin da ya yi alkawarin tikiti da biza a dunƙule, a yi hattara da shi. Ranakun atisaye, Litinin zuwa Laraba, sun fi araha. Gasannin cikin gida kuwa ya isa a tuntuɓi ofishin kulob ɗin don sanin ranar da sharuɗɗan shiga.

Ga mai kallo ta talabijin, lokaci ne abin lura. A watan Yuli agogon Birtaniya daidai yake da na Najeriya, don haka The Open da rana ake ganinta. Augusta kuwa tana bayanmu da awa biyar a Afrilu: masu kan gaba kan fita bayan Magariba a agogonmu, a kammala wajen tsakar dare. Wanda ba shi da sukunin kallon duka, ya jira ramuka tara na ƙarshe a daren Lahadi, ya sa ido kan na 11 da 12 da 13, inda ruwa da iska suka sha raba masu kan gaba da kofi.