Alhaji Umaru Salaga, malamin da ya koya wa fatake rubuta wasiƙa

A 1877 wani saurayi haifaffen Kano, bai ma cika shekara ashirin ba, ya kammala littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Sunansa Umaru ɗan Abubakar. An haife shi a 1858, asalin gidansu Kabi, mahaifinsa kuma bafatake ne mai bin hanyar Gwanja neman goro.

Abin da ya ja hankalinsa ba shi da wuyar ganewa. Ayari kan yi watanni tsakanin Kano da Salaga. Madugu yana buƙatar takardar neman izinin wucewa daga sarakunan hanya. Ga mai bin bashi, ga wanda ɗan'uwansa ya rasu a zango ana son sanar da gida a zo batun gado. Duk wannan sai an zauna gaban malami ya feƙe alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya san gaisuwar da ta dace da sarki da wadda ta dace da abokin ciniki, sannan a naɗe takardar a cusa cikin jakar fata. Kuskure ɗaya a kirarin sarki na iya tsayar da jakuna a bakin gari.

Yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar Salaga, inda Umaru yake zaune. Umaru ya koma Kete-Krachi, mashigar jiragen ruwa a kogin Volta, ya zama limami, kuma a can ya rasu a 1934. Jami'in Jamus Adam Mischlich ya sa shi ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da ajami, ya tafi da takardun Turai. Dalilin da ya sa suka tsira ke nan, kuma abin da ɗaci.

A gaɓar teku, a Cape Coast, akwai Philip Quaque, faston Angilika ɗan ƙasar da ya rasu a 1816. Ya shafe shekaru da dama yana aika wasiƙu ga ƙungiyar mishan a Landan, su kuwa suka adana, har aka buga su littafi. Ba don ya fi malamanmu iya alƙalami ba ne. Waɗanda yake rubuta wa suna da ma'ajiya, namu kuwa wasiƙunsu sun ƙare a adaka, gara ta ci rabonta. Tsohon garin Kete-Krachi ma ruwan madatsar Akosombo ya shanye shi a shekarun 1960, lokacin da Jami'ar Gana da ke Legon take ta tattara abin da ya rage na rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Garuruwanmu ma suna da zaurukan malamai da gidajen 'yan kasuwa da suka daɗe. Duk mai tsohuwar takardar kakansa a gafaka ko ƙasan akwati, ya ɗauki hotonta da waya tun yau, ya kai wa wanda ya iya ajami ya karanta masa.